Fasahar Tantance Kaya da Igiyar Rediyo a Harkar Kasuwanci: Darasi daga Kamfanin Walmart

Tsakure

Ɗaya daga cikin manyan matsalolin ɗan kasuwa ita ce rashin sanin haƙiƙanin abin da ke cikin shagonsa. Littafin ƙidaya kan nuna cewa kaya suna nan, a je kanta a tarar babu. Wannan takarda ta yi nazarin fasahar tantance kaya da igiyar rediyo, wadda aka fi sani da RFID a taƙaice, da rawar da take takawa wajen bin sawun kaya daga masana'anta har zuwa hannun mai saye. An bibiyi tarihin fasahar da yadda take aiki, sannan aka ɗauki kamfanin Walmart na Amurka a matsayin zakaran gwajin dafi, daga umarnin da ya bai wa masu kawo masa kaya a 2003 zuwa faɗaɗa shi a 2022. Nazarin ya gano cewa ingancin na'ura kaɗai bai isa ya sa fasahar ta karɓu ba. Abin da ya fi yanke hukunci shi ne darajar kayan da aka liƙa wa alamar, da kuma ko wanda ya biya kuɗinta shi ne ya ci moriyarta.

Fitilun Kalmomi: alamar rediyo, safarar kaya, ƙidayar kaya, bakod, Walmart

1.0 Gabatarwa

Kafin rigar da aka ɗinka a Bangladash ta isa hannun mai saye a Landan, takan bi ta hannuwa da yawa. Daga masana'anta a ɗora ta a mota, a kai tashar jiragen ruwa, a sauke a babban sito, a rarraba zuwa ƙananan ma'ajiyoyi, kafin a rataye ta a shago. Wannan jerin matakai shi masana harkar kasuwanci ke kira sarƙar samar da kaya. A kowace gaɓa ta sarƙar ana iya yin kuskuren lissafi, ko kaya su ɓace, ko a ajiye su inda ba za a gan su ba. Kowane kuskure asara ne: ko dai a rasa ciniki domin an ce kaya sun ƙare alhali suna jibge a ɗakin baya, ko a yi odar abin da ba a bukata domin ba a san yana nan ba.

Shekaru da dama bakod, wato lambar nan mai zane-zanen baƙi da fari da ake gani a jikin kwalin magani ko gwangwanin madara, ita ce babbar hanyar tantance kaya. An fara amfani da ita a shago ranar 26 ga Yuni, 1974, a garin Troy na jihar Ohio, inda aka haska ta a jikin fakitin cingam. Sai dai tana da iyaka: dole ma'aikaci ya ɗauki kowane abu ya fuskantar da shi ga na'ura. Fasahar alamar rediyo ta zo da alkawarin kawar da wannan wahala, ta yadda kaya za su sanar da kansu ko da suna cikin rufaffen katan.

1.1 Manufa da Hanyar Nazari

Manufar takardar ita ce bayyana wa mai karatu yadda fasahar take aiki cikin harshen Hausa, da kuma amsa tambaya guda: me ya sa ta yi tuntuɓe a yunƙurin farko na manyan kantuna, sannan ta samu gindin zama bayan shekaru kaɗan? An dogara ne ga abubuwan da suka faru a bainar jama'a da sakamakon binciken jami'o'i da aka wallafa. A cikin takardar, "alama" na nufin ɗan abin da ake liƙa wa kaya, "makaranciya" kuma na'urar da ke karɓar bayanin alamar. "Faleti" shi ne dandamalin katako da ake jera katan-katan a kai domin motar ɗaga kaya ta ɗauke su gaba ɗaya.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

Tushen fasahar yana komawa ga Yaƙin Duniya na Biyu. Na'urar rada tana iya hango jirgin sama daga nesa, amma ba ta iya bambance na gida da na abokan gaba. Sojojin Birtaniya suka sanya wa jiragensu wata na'ura da ke mayar da amsa idan igiyar rada ta same ta. Wannan shi ne ainihin tunanin da ke ƙarƙashin alamar rediyo har yau: a yi tambaya ta iska, abin da aka tambaya ya faɗi ko shi wane ne.

A 1945 Tarayyar Sobiyat ta bai wa jakadan Amurka a Mosko kyautar wani tambari na katako, wanda aka ɓoye na'urar sauraro a cikinsa. Léon Theremin ne ya ƙera ta, kuma ba ta da batir. Igiyar rediyo da ake aiko mata daga waje ce ke tayar da ita. A 1948 Harry Stockman ya wallafa maƙala kan yadda za a iya aika saƙo ta hanyar mayar da igiyar da aka turo. Mario Cardullo ya samu takardar mallakar ƙirƙira a 1973 kan alama mai ma'ajiyar bayani, Charles Walton kuma ya samu tasa a 1983. A shekarun 1980 aka fara amfani da fasahar wajen karɓar kuɗin hanya ba tare da tsayar da mota ba, kamar yadda aka yi a garin Ålesund na ƙasar Norwe a 1987.

Shigarta harkar kantuna ta samo asali ne daga cibiyar Auto-ID da aka kafa a jami'ar MIT a 1999, da tallafin kamfanonin Procter & Gamble da Gillette. Kevin Ashton da Sanjay Sarma da David Brock suna cikin jagororinta. Shawarar da suka kawo mai sauƙi ce, amma ta sauya komai: maimakon a cika alama da bayanai, abin da ke sa ta tsada, a sanya mata lamba kawai, sauran bayanan kuma a ajiye su a rumbun kwamfuta da za a iya isa gare shi ta intanet. Burinsu shi ne farashin alama ya sauko zuwa santi 5 na dalar Amurka. A 2003 cibiyar ta miƙa aikinta ga EPCglobal, reshen ƙungiyar da yanzu ake kira GS1, wadda ita ce ke kula da lambobin bakod a duniya.

3.0 Yadda Fasahar Take Aiki

Tsarin yana da sassa uku: alama, makaranciya, da manhajar da ke tace bayanai ta shigar da su littafin ƙidaya. Alama ta ƙunshi 'yar ƙwayar lantarki wadda ba ta fi ƙwayar yashi girma ba, da eriya ta siririn alminiyam ko tagulla da aka shimfiɗa a kan takarda ko leda.

3.1 Ire-iren Alamu

Alama marar batir ita ce mafi arha kuma mafi yawa. Makaranciya kan watsa igiyar rediyo, eriyar alamar ta kama ta, ta mayar da ita ɗan ƙarfin lantarki da zai farkar da ƙwayar. Daga nan alamar ta riƙa sauya yadda take mayar da igiyar, kamar mai aika saƙo da madubi a cikin rana, makaranciya kuma ta fassara wannan sauye-sauye zuwa lambobi. Alama mai batir tana watsa saƙonta da kanta, ana iya jin ta daga nisan mita 100 ko fiye, amma tsadarta ta sa ake keɓe ta ga manyan kadarori irin su kwantena da motocin dakon kaya. Akwai ta tsakiya, wadda batirinta ke ciyar da ƙwayar da ma'aunin zafi, kamar yadda ake bukata wajen safarar allurar rigakafi ko nama.

3.2 Zangon Igiya

Zangon da alama take aiki a kai shi ke ƙayyade nisan karatunta. Ƙaramin zango, kilohaz 125 zuwa 134, ba ya wuce 'yan santimita, amma yana ratsa ruwa da tsoka, shi ya sa ake amfani da shi a jikin dabbobi. Zangon megahaz 13.56 shi ne na katin banki da ake karawa a jikin na'ura, da fasfo na zamani, da littattafan laburare. Harkar kantuna da sito ta dogara ne ga zangon megahaz 860 zuwa 960, wanda ke iya karanta alama marar batir daga nisan mita da dama. Kowace ƙasa tana da yankin da ta ware a cikinsa: Amurka 902 zuwa 928, Turai kuma 865 zuwa 868. Rauninsa shi ne ruwa yana shanye igiyar, ƙarfe kuma yana karkatar da ita. Wannan rauni zai sake bayyana a labarin Walmart.

Idan alamu ɗaruruwa suka amsa a lokaci guda, muryoyinsu za su cakuɗe. Ƙa'idar da aka amince da ita a Disamba 2004, wadda ake kira Gen2, ta warware wannan ta hanyar sa kowace alama ta zaɓi lokacin amsawa da ka. Wadda aka karanta sai ta yi shiru, waɗanda suka yi karo kuma su sake zaɓe. Da haka makaranciya ke iya ɗaukar ɗaruruwan alamu a cikin daƙiƙa guda.

3.3 Bambancinta da Bakod

Bakod na yau da kullum yana faɗin nau'in kaya ne kawai. Duk wandunan da suke iri ɗaya, launi ɗaya, girma ɗaya, lambarsu ɗaya ce. Lambar da ke cikin alamar rediyo, wadda galibi tsawonta bit 96 ne, tana ɗauke da lambar kamfani da ta nau'in kaya, sannan da lambar jeri ta bit 38. Wannan ya isa a bai wa abubuwa fiye da biliyan 274 na nau'i guda lambar da babu mai irinta. Saboda haka ana iya sanin cewa wannan wando, ba ɗan'uwansa ba, shi ne ya bar sito ranar Talata bai kuwa isa kanta ba. Bugu da ƙari, ba sai an ga alamar da ido ba, kuma ana karanta da yawa a tashi ɗaya. Inda bakod ya fi ta shi ne arha, domin kuɗinsa bai wuce na tawadar da aka buga shi da ita ba.

4.0 Matsalar da Ake Son Magancewa

Masana biyu, Nicole DeHoratius da Ananth Raman, sun wallafa bincike a 2008 inda suka duba bayanan ƙidaya kusan 370,000 daga shaguna 37 na wani babban kamfani. Sun tarar kashi 65 cikin ɗari na bayanan ba su yi daidai da abin da ke ƙasa ba. Wannan kamfani ne mai kwamfuta da bakod. Kuskuren yana taruwa ne a hankali, ta hanyar sata, da lalacewar kaya, da kawo abin da ba shi aka rubuta ba, da mai karɓar kuɗi da ya haska abu guda sau biyu maimakon abubuwa biyu masu kama da juna.

Illar ba ta tsaya a shago ba. Idan kwamfuta ta ɗauka cewa saura guda uku alhali babu ko ɗaya, ba za ta yi odar sabo ba, kuma tun da babu abin sayarwa, adadin ba zai taɓa sauka ba. Kanta na iya zama fayau na makonni ba wanda ya lura. A ɗaya ɓangaren, rashin sahihin bayani yana sa kowane mataki na sarƙar ya yi odar fiye da bukatarsa domin kariya. Hau Lee da abokan aikinsa sun bayyana wannan a 1997, suka kamanta shi da bulala: ɗan motsi a hannu yakan zama babban kaɗawa a bakinta. Ƙaramin sauyi a cinikin shago yakan zama hauhawa da faɗuwa mai tsanani a odar masana'anta.

5.0 Kamfanin Walmart a Matsayin Misali

5.1 Umarnin 2003

A watan Yuni na 2003, Linda Dillman, shugabar sashen fasahar sadarwa ta Walmart, ta sanar da cewa manyan kamfanoni 100 da ke kawo wa kantin kaya dole su liƙa alamar rediyo a kan katan da faleti kafin Janairu 2005. A lokacin Walmart shi ne kanti mafi girma a duniya, babu mai ƙera kayan masarufi da zai iya yin biris da maganarsa. Ma'aikatar Tsaron Amurka ta fitar da makamancin wannan umarni a shekarar. An fara gwaji a yankin Dallas na jihar Texas a 2004.

Sakamakon farko ya ba da ƙwarin gwiwa. Binciken da Jami'ar Arkansas ta yi a 2005 ƙarƙashin Bill Hardgrave ya kwatanta shaguna 12 masu fasahar da 12 marasa ita, ya nuna cewa ƙarewar kaya a kanta ta ragu da kashi 16 cikin ɗari a masu ita. Dalili shi ne makaranciyar da ke ƙofar ɗakin ajiya tana sanar da cewa katan ya shigo amma bai fita zuwa kanta ba, sai a tura ma'aikaci ya ɗauko.

5.2 Inda Gizo Ya Yi Saƙa

Duk da haka shirin bai kai inda aka yi hasashe ba. Dalilai uku suka haɗu. Na farko shi ne farashi: a lokacin alama tana ninka santi 5 ɗin da aka yi buri sau da yawa, ga kuɗin makaranciya da manhaja da horar da ma'aikata. Na biyu shi ne yanayin kayan. Yawancin abin da kantin ke sayarwa, irin su sabulun ruwa da lemo da abincin gwangwani, ruwa ne ko ƙarfe, don haka katan ɗin da ke tsakiyar faleti sau da yawa ba ya karantuwa.

Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne rabon riba da asara. Mai kawo kaya ne ke sayen alama, amma amfanin yana bayyana ne a cikin shagon Walmart. Lamarin ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kamfanoni da yawa suka zaɓi yin mafi ƙarancin abin da zai fitar da su: su liƙa alama a bakin ƙofar sito dab da loda mota, ba tare da sun sauya komai a tsarin aikinsu ba. Ta haka suka ɗauki kuɗin, ba su samu ko ɗaya daga cikin fa'idar ba. A 2008 Sam's Club, reshen sari na Walmart, ya kai ga sanya tarar dala 2 a kan kowane faletin da ya iso wata cibiyarsa ta Texas babu alama. Tilasta wa abokan hulɗa da tara alama ce ta cewa ba su ga ribar abin da idonsu ba. A 2009 Procter & Gamble, wanda yana cikin waɗanda suka assasa cibiyar Auto-ID, ya daina liƙa alama a kan allunan tallan kayansa da ake kai wa Walmart. Bayanan suna nuna lokacin da ya kamata a fito da allunan, amma sanin hakan bai sa an fito da su a kan kari ba. Wannan ya nuna cewa bayani ba ya aiki sai an samu mai aiki da shi.

5.3 Dawowa ta Ƙofar Tufafi

A 2010 Walmart ya sauya salo, ya koma liƙa alama a kan kowane wandon jins da kayan ciki na maza. Tufafi sun dace da fasahar ta fuskoki da dama. Yadi ba ya hana igiya wucewa. Riga guda tana iya zuwa da launi shida da girma biyar, wato nau'i 30 masu kama da juna a ido, kuma mai saye da bai samu girmansa ba tafiya zai yi. Sannan darajar tufafi tana iya ɗaukar kuɗin alama. Misali, alamar santi 5 a jikin wandon dala 20 kashi ɗaya bisa huɗu ne na kashi ɗaya cikin ɗari na farashinsa, amma a jikin abin santi 50 kashi 10 cikin ɗari ne.

Ma'aikaci riƙe da makaranciyar hannu yana iya ƙidaya sashen tufafi cikin mintuna, aikin da a da ake kwana ana yi sau ɗaya ko biyu a shekara. Binciken ɗakin gwaje-gwajen fasahar, wanda ya koma Jami'ar Auburn daga Arkansas, ya nuna cewa daidaiton ƙidaya kan tashi daga wajen kashi 65 zuwa kashi 95 ko fiye. Cinikin intanet ya ƙara wa wannan muhimmanci, domin shagon da zai yi wa mai saye alkawarin ya zo ya karɓi takalmi bayan awa biyu dole ya tabbata takalmin yana nan. A 2022 Walmart ya faɗaɗa umarninsa zuwa kayan gida da na wasan yara da na lantarki da na motsa jiki.

Abin lura shi ne kamfanonin da suka fi cin gajiyar fasahar su ne masu riƙe da sarƙar tun daga ƙira har zuwa kanta. Zara ta sanya ƙwayar a cikin maƙalin hana sata, wanda a lokacin ake cirewa a wurin biyan kuɗi a sake amfani da shi, ta kuma kammala shimfiɗa tsarin a shagunanta a 2016. Decathlon na Faransa ya kai ga sanya alama a dukkan kayansa. A shagunan Uniqlo mai saye kan zuba kaya a cikin wani akwati, na'ura ta lissafa su gaba ɗaya. A waɗannan wurare mai biya da mai amfana mutum ɗaya ne.

6.0 Wasu Fagage

A 2016 kamfanin jiragen sama na Delta ya zuba dala miliyan 50 wajen sanya alamar rediyo a takardar da ake ɗaura wa jakar matafiyi. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta wajabta bin sawun jakunkuna a manyan matakan tafiya daga Yuni 2018, kuma a 2019 ta goyi bayan amfani da wannan fasaha. A nan ma lissafin a fili yake, domin kuɗin nemo jakar da ta ɓata da kai ta ga mai ita ya ninka na alama nesa ba kusa ba.

A fagen kiwo, Ostireliya ta kafa tsarin tantance shanu na ƙasa a 1999, inda ake maƙala alama a kunne domin bin sawun dabba daga gona zuwa mahauta. Botsuwana ta fara a farkon shekarun 2000 da wata alama da saniya ke haɗiyewa ta zauna a cikinta, domin cika sharaɗin sayar da nama ga Tarayyar Turai, daga baya ta koma ga alamar kunne.

7.0 Batun Sirrin Mai Saye

Alamar da ake karantawa ba tare da an gan ta ba tana iya zama hanyar bin sawun mutum. A 2003 ƙungiyar CASPIAN ƙarƙashin Katherine Albrecht ta yi kiran ƙaurace wa kamfanin tufafi na Benetton bayan labarin cewa zai saka alamu a cikin kayansa, kamfanin kuwa ya ja da baya. A 2004 kamfanin Metro na Jamus ya janye katunan abokan ciniki na shagonsa na gwaji da ke Rheinberg, bayan an gano cewa suna ɗauke da alama ba tare da an sanar da masu su ba. Waɗannan abubuwa sun sa aka tanadi matakan kariya: ƙa'idar Gen2 tana da umarnin kashe alama har abada ta amfani da lambar sirri, kantuna da yawa kuma suna sanya alamar ne a kan takardar farashi da ake yankewa a jefar.

8.0 Sakamakon Nazari

Daga abin da ya gabata, an fitar da sharuɗɗa huɗu da ke nuna inda fasahar za ta biya kuɗinta:

i. Darajar kowane abu ta fi kuɗin alama nesa, ko kuma asarar ɓacewarsa ta yi yawa.
ii. Kayan suna da nau'o'i masu yawa da ke da wuyar bambancewa da ido.
iii. Wanda ya sayi alamar yana da rabo a cikin amfaninta.
iv. Akwai tsarin aiki da zai sa a ɗauki mataki a kan bayanan da aka samu.

Waɗannan sharuɗɗa suna da amfani ga mai tunanin shigo da fasahar kasuwannin ƙasar Hausa. Fasahar ba baƙuwa ba ce gaba ɗaya, domin fasfon Nijeriya na lantarki da aka fara bayarwa a 2007 yana ɗauke da ita, kuma ƙasar tana da reshen GS1 mai lambar farko 615. Babban dilan atamfa da shadda a Kantin Kwari, mai ɗaruruwan zane da launi a sito fiye da ɗaya, ya cika sharaɗi na farko da na biyu. Mai sayar da ashana ko magi ɗai-ɗai bai cika ko ɗaya ba, bakod ko littafi mai tsabta ya ishe shi. Saniya kuwa ta cika sharaɗin daraja, kuma makiyaya sun daɗe suna yi wa dabbobinsu shaida da wuta ko tsaga kunne. Amma alama a kunnen saniya ba za ta rage satar shanu ba sai an samu rajista guda da ake dubawa a manyan kasuwanni irin su Maigatari da Potiskum da kuma mahautai, ta yadda dabbar da lambarta ta nuna ta sata ce ba za ta sayu ba. Wannan shi ne sharaɗi na huɗu, kuma aikin hukuma ne da shugabannin kasuwa. Haka nan dole a yi la'akari da wutar lantarki da hanyar sadarwa da ma'aikatan da za su kula da na'urorin.

9.0 Kammalawa

Takardar ta bibiyi fasahar alamar rediyo daga na'urar tantance jiragen yaƙi zuwa takardar farashi da ke rataye a jikin riga. An ga cewa umarnin Walmart na 2003 ya taimaka wajen samar da ƙa'ida guda da sauko da farashi, amma ya yi tuntuɓe domin an ɗora nauyin a kan waɗanda ba su ga riba ba, a kan kayan da igiyar ba ta ratsa su da kyau. Da aka koma ga tufafi, inda matsalar ƙidaya ta fi tsanani kuma darajar kaya ta fi yawa, sai fasahar ta zauna. Saboda haka, kafin kamfani ko hukuma ta sayi alama ko ɗaya, ya kamata ta fara auna yawan kuskuren da ke cikin littafin ƙidayarta, ta ƙiyasta asarar da yake jawowa a shekara, sannan ta fayyace wanda zai biya da wanda zai tashi ya yi aiki idan na'ura ta nuna cewa kanta ta zama fayau.